Ƙwallon Amurka a Ƙarƙashin Tebur

Ni tela ne a Agege, kuma a iya sanina ban taɓa riƙe ƙyallen kowa ba. In mutum ya kawo yadi na ɗinka masa riga, abin da ya rage, ko bai fi tafin hannu ba, sai na ninke shi na sa masa a aljihun rigar. Akwai wanda ya taɓa jefar da nasa a kwata a gabana. Na jira ya tafi, na tsamo, na wanke, na ajiye masa har ya dawo. Mutane suna yi mini dariya, amma saboda wannan hali ne 'yan ci-ranin da ke zuwa daga wajenmu suka ɗauke ni mutumin da in ya faɗi magana ba a sake tambaya. Na gama firamare, ina karanta lamba, ina karanta Turanci in kalmar ba ta cika tsawo ba. A wajensu wannan ya isa a ce wa mutum malam.

Shagona bango ɗaya yake da gidan kallon ƙwallo. Gida dai a baki. Rumfar kwano ce mai benci takwas, da talabijin a kan tebur, da janareta a bayan ƙofa wanda hayaƙinsa ba ya son kowa sai ni. Mai wurin haifaffen Legas ne, fataucin goro ya kawo kakansa. Hausarsa tana nan, sai dai ta sha Yarbanci da burokan Turanci har ta ƙoshi. Kowa Manaja yake ce masa, ko da yake ma'aikacinsa ɗaya ne tak, wato shi kansa. Asabar da Lahadi wurin cika yake da masu kallon ƙwallon Turai, ko wajen tsayuwa babu. Tsakiyar mako kuwa awaki ne ke hutawa a ƙarƙashin bencin.

Wata shekara, lokacin wayoyi ba su fara wayo ba, Manaja ya je inda ake sauke kayan gwanjo daga kwantena ya sayo tsohuwar na'urar kunna faifai. Mai kayan ya yi masa gyara da wani kwalin fayafayi da ya rasa yadda zai yi da shi. Washegari Manaja ya leƙo shagona ya ce in zo in auna masa tebur, yana son rufi wanda zai sauka har ƙasa. Na tafi da tef ɗina. Da na durƙusa ina auna ƙafar teburin sai na ga na'urar a ƙasa, ga kwalin a gefenta. A jikinsa akwai hoton wasu ƙattai sanye da hular kwano, da shekara rubuce da manyan lambobi. Na karanta shekarar sau biyu. Na lissafa, na sake lissafawa. A wannan shekara ko aure ba a yi wa mahaifiyata ba. Na juya kwalin. A bayansa an jera wasanni layi goma sha huɗu, kowane layi da sakamakonsa. Wasannin ƙungiya ɗaya ne tun daga farkon kakar wasa har ƙarshenta. Ba abin da ya shafe ni, amma ni in na ga lamba sai na karanta, kuma in na karanta ba ta fita daga kaina.

Na tambaye shi amfanin rufi har ƙasa. Ya ce ƙura ce ke damun sa. Na ɗinka masa da koren yadi mai kauri, na yi masa kalmasa biyu. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin kalmasar da ta miƙe kamar wannan ba.

A lokacin mijin yayata yana kwana a ɗakina. Manomi ne. Kowace shekara in an gama girbi sai ya biyo motar albasa ya zo, ya yi dakon tumatir a kasuwar Mile 12, in damina ta matso ya koma. Ƙato ne, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya, kuma tun ranar da ya auri yayata yake tsokana ta, kamar yadda ya dace. Ƙanin mata yake ce mini, ni kuma in ce masa Yaya. Ya taɓa cewa in aka ce da ni gari ya waye sai na fita na auna rana da tef kafin in yarda.

Ranar Laraba Manaja ya rubuta a allonsa cewa bayan la'asar akwai ƙwallon Amurka. Laraba motoci ba su cika shigowa kasuwa ba a lokacin, don haka Yaya ya dawo da wuri, ya kwaso abokan dakonsa wajen mutum goma sha wani abu. Ya ja ni har ciki, wai in zo in fassara musu.

Hoton ya fito a koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. 'Yan kallon can duk sun sha kwat da malafa, wasu na busa taba a zaune. Wani ya tambayi dalilin da hoton ya yi haka. Manaja bai ko ƙifta ido ba. Ya ce Amurka ba Ingila ba ce, nisanta ya ninka, hoton kafin ya iso Agege ya gaji. Wani ya ce to yanzu ake buga wa? Manaja ya ce, “Shebi kana gani da idonka?”

Sai Yaya ya juyo wajena. Ba Manaja ya tambaya ba, ni ya tambaya.

“Ƙanin mata, ashe can ma rana ce?”

Na ce, “Ga ta nan kana gani.”

Ban yi ƙarya ba. Na sha bin wannan amsa harafi harafi, babu ƙarya a cikinta. Akwai rana a hoton, kuma yana gani.

Wasan kuwa sai wanda ya gani. Ƙwallon ba ta da siffar ƙwallo, ta fi kama da gwandar da ba ta nuna ba. Ƙattai za su jeru su sunkuya suna kallon juna, kamar raguna za su yi karo. Sai ɗaya ya miƙa gwandar ta tsakanin ƙafafunsa, sai kowa ya afka wa na gabansa, sai a zube wuri guda kamar motar buhuna ta kife a Ojota. Alƙalin wasa ya busa usur. Su tashi, su kakkaɓe, su haɗa kai a zagaye suna shawara kamar masu rabon gado. Ka ce yanzu sun gano inda kuskuren yake. Sai su koma su sunkuya, su sake zubewa daidai inda suka zube ɗazu. Wani lokaci alƙali ya jefar da hankicinsa ƙasa don fushi, sannan ya je ya ɗauka da kansa.

Na zaci mutanenmu za su tashi. Ba wanda ya motsa. Abin da ya kama su kafaɗun nan ne. Yaya ne ya fara cewa, ai gammo suka sa. Mu a ka muke ɗora namu, su kuma a kafaɗa. Daga nan aka yarda cewa waɗannan mutane sun san kaya, ba irin 'yan ƙwallon Turai ba da in iska ta taɓa su sai su kwanta suna birgima.

Manaja ya gwada yin bayani, ba wanda ya gane ko rabi. Aikin ya dawo kaina. Cikin mako biyu na fahimci cewa sau huɗu ake ba su dama su matsa gaba taki goma, in sun kasa su ba abokan karawa. In an yi gardama sai wasu mutum biyu su shigo da sarƙa su auna. Waɗannan masu sarƙa su ne nawa. A duk filin su kaɗai na ga suna aiki da hankali.

Muka ɗauki masu riga mai duhu a matsayin namu, tunda kullum su ake nunawa. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa a duk faɗin Amurka kullum wasansu ne ke faɗowa ranar Laraba bayan la'asar ɗin Agege, kuma ya ƙare daidai kafin magariba. An ɗauka tarbiyya ce.

A cikinsu akwai wani mai lamba saba'in da biyu, gajere mai faɗi, a cikin masu sunkuyo. Tun daga farkon wasa har ƙarshe hannunsa ba ya taɓa ƙwallo. Aikinsa ya ture mutum, a danne shi, ya tashi. In ya buɗe hanya sai wani siriri ya bi ta wurin da gudu ya kai ƙwallon ƙarshen fili, jama'a su tashi suna yi wa siririn tafi. Saba'in da biyu kuwa yana can yana ciro ciyawa daga hularsa. Yaya ya kalle shi mako ɗaya, mako biyu, sannan ya ce wannan ɗan dako ne, siririn kuma dillali. Daga ranar ba ya kallon ƙwallo, ba ya kallon maki. Saba'in da biyu kawai yake kallo. In an danne shi sai ka ji Yaya ya yi nishi.

An ci mu wasa biyu na farko. Sannan muka ci huɗu a jere. Akwai wanda aka buga cikin taɓo har lambobin riga suka ɓace, amma Yaya ya ce shi yana gane mutuminsa ta tafiya. Akwai wanda aka buga dusar ƙanƙara na zuba, mu kuma muna zaune ƙarƙashin kwano gumi na bin bayanmu, wani yana cewa Allah sarki, ko wuta ba a hura musu ba. Sau biyu samarin unguwa haifaffun Legas suka leƙo, suka kalli talabijin, suka kalli mutanenmu, suka yi magana da Yarbanci suna dariya. Manaja ya raka su waje. Ba su faɗa wa kowa ba. Abin dariya irin wannan ba a kashe shi da wuri.

Ni kuwa ina zaune a bencin gaba, ƙafata tana taɓa koren rufin, duk sakamakon yana cikin kaina. Ban iya ɓoye fuska ba. Ranar da na san za a ci mu sai in shigo jiki a sanyaye, ranar nasara kuwa in kasa zama. Ba a daɗe ba suka lura. Aka fara leƙo shagona tun da azahar don a ga fuskar tela. Wani ya ce istihara nake yi. Wani ya kawo mini maganar auren ƙanwarsa in duba masa. Na rantse masa ba na duba, ya ce ai masu yi na gaskiya haka suke cewa.

Kullum in na zauna a kan keke sai in buɗe shari'a a kaina. Ban ce kai tsaye ake yi ba. Ba ni na rubuta allo ba. Rufi aka ce in ɗinka, kuma ɗinkin rufi halal ne. Mutanen nan sun wuni ɗauke da kwando, me ya rage su da shi in sun yi ihu na awa biyu? In na gama sai in wanke kaina tas. Kafin in zare zare a allura kuma an sake shigar da ƙara.

A wasa na tara aka danne saba'in da biyu, kowa ya tashi shi bai tashi ba. Yana riƙe da gwiwa. Aka shigo da makara irin tasu aka fitar da shi. Yaya bai ci tuwon kirki ba ranar. Da safe kafin ya hau danfo, motar hayar Legas, ya sayi ƙosai ya raba a bakin masallaci, sadaka, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ya ce mutum irin wannan in gwiwa ta tafi ba wanda zai sake tuna shi, kuma wa ya san yara nawa ya bari a gida. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya dube ni. Na ce amin. Na kuma ci ƙosan, don ƙin karɓar sadaka a gaban mutane wani abu ne daban. Bayan mako biyu saba'in da biyu ya dawo fili da ƙafa a ɗaure. Yaya ya zagaye bencin yana tambayar kowa ko ya ga aikin ƙosai.

Saura wasa uku ruwa ya sauka a gida.

Labarin ya iso kasuwa kafin ƙasa ta bushe a can. Cikin kwana uku rabin abokan Yaya sun ɗaure kaya sun hau motocin da suka sauke albasa za su koma. Haka ake yi kowace shekara, kuma kowace shekara Yaya ne a motar farko. Bana sai ya ce ruwan farko ba a cika yarda da shi ba. Da aka yi na biyu ya ce ai ƙasa ba ta gama sha ba. A bakin shagona ya faɗi gaskiya. Namu na gab da kai wa wasan ƙarshe, wanda za a fid da gwani, kuma a ƙauyenmu ba satalayit. Saba'in da biyu ya tashi daga jinya ya dawo aiki, ba zai juya masa baya saura mako uku ba.

Yayata ta kira ni a wayar maƙwabcinsu. Ba ta yi faɗa ba, ita ba ta faɗa. Ta ce kowa ya shuka, gonarsu ce kaɗai ke kwance, iri yana nan a rataye, sungumi yana jingine. Ta ce ita da yara sun gwada gefen da ke kusa da gida, amma babbar gonar ta fi ƙarfinsu. Ta tambaya ko baban yara ba shi da lafiya ne ake ɓoye mata. Na ce lafiyarsa ƙalau. Sai ta ce, “To, auta, in akwai abin da ya riƙe shi, kai dai na san ba za ka ɓoye mini ba.”

Na ajiye wayar na ɗinke hannun rigar wani a wuya.

Gero ba ya jiran kowa. In ka makara mako uku a shuka, a rumbu za ka gani. Abincin yayata ne da 'ya'yanta biyar na shekara guda, yana zaune a ƙarƙashin tebur cikin kwali, na rufe shi da kalmasa biyu.

Na fara da hanyar da ba za ta taɓa ni ba. Na sami Manaja yana zuba wa janareta mai, na roƙe shi ya nuna sauran ukun a rana ɗaya, ya ce musu Amurkawa sun matso da wasanninsu. Ya dube ni yana murmushi. Ya ce ashe tela ma ya iya yanka ƙarya, har da aljihu. Ya ce shi bai ɗaure kowa ba, ƙofarsa a buɗe take, mai son noma ga hanya nan. Sannan ya rage murya.

“Tela, ka yi tunani. In magana ta fito, ni kowa ya san ni, dariya za a yi. Kai fa? Wa ya ɗinka rufin? Wa ke bencin gaba?”

Wannan ita ce magana mafi gaskiya da na taɓa ji daga bakinsa, kuma da Hausa zalla ya faɗe ta.

Na ƙara kwana biyu ina auna abin. Na yi tunanin in ce yayata ba ta da lafiya, amma wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ciwon ya same ta daga baya fa? Na yi tunanin in sace fayafayin, amma sata ce. Duk hanyar da na bi sai ta dawo da ni wuri ɗaya. Ranar Talata da hantsi na rufe shago na hau danfo zuwa kasuwa. A Ojota muka tsaya cikin cunkoso kusan awa guda, na gode wa Allah, har na fara fatan a ce hanya ta rufe gaba ɗaya. Ba ta rufe ba.

Na sami Yaya a layin 'yan tumatir, ya sauke kwando ke nan, yana zaune a kan tayar mota yana matse gammonsa. Ƙasa duk jagwab da ruɓaɓɓen tumatir. Da ya gan ni ya ce lallai yau za a yi ruwan ƙanƙara, ƙanin mata ya taka kasuwa da takalmin sallah. Sai ya ƙara duban fuskata, ya daina dariya. Ya tambaya ko gobe za a ci mu ne.

Na faɗa masa. Na tsara maganar tun daga Agege, amma a hargitse ta fito. Na ce babu satalayit a ciki, faifai ne, na'urar tana ƙarƙashin tebur. Na ce wasannin nan an buga su an gama tun ba a haife ni ba, shi ma in an haife shi to yana goye. Na ce sauran ukun suna nan a kwali, ko yau, ko baɗi, ba inda za su.

Da farko dariya ya yi. Ya ce Manaja ne ya turo ni in gwada shi. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ajiye gammon a cinyarsa. Wani dillali ya ƙwala masa kira, bai waiga ba.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun kafin a fara.”

“Ranar ƙosai fa?”

“Na sani.”

“Ka ce amin.”

“Na ce.”

Ya kalli ƙafarsa. Na fara bayanin cewa a gaskiya ban taɓa furta cewa kai tsaye ake yi ba, in ya tuna ranar farko abin da na ce shi ne. Ya ɗaga hannu, na tsaya. Wannan hujja na yi wata uku ina goge ta, ko ƙarshenta ba a bari na kai ba.

“Koren ƙyallen nan,” ya ce, “na ga ɗinkin. Na ce a raina wannan hannun ƙanin mata ne.”

Na ce nawa ne.

“Saba'in da biyu fa, yana raye?”

Na ce ban sani ba. In yana raye ya tsufa ƙwarai. Na ce in yana so in faɗa masa yadda aka ƙare, na sani, yana rubuce a bayan kwalin. Ya miƙe, ya ɗora gammo a ka. Ya ce in riƙe abina, tunda na iya riƙo.

Ranar bai kwana a ɗakina ba. Washegari Laraba, ina masallaci sallar azahar ya zo ya kwashe kayansa, ya bar mini mabuɗi wajen mai shayi. Kafin la'asar yana kan motar albasa. Sauran 'yan dakon da suka rage, waɗanda labarin ya riga ya kai musu, suka shiga gidan kallo, ɗaya ya ɗaga koren rufin, suka leƙa, suka sake shi. Kamar yadda Manaja ya faɗa, shi dariya aka yi masa, har da masu cewa ɗan Legas sai a bar shi. Ni ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Wanda ya kawo maganar auren ƙanwarsa ya zo ya karɓi yadinsa ba a ɗinka ba. Na ninke masa har da zaren da ya kawo.

Yaya ya yi shuka a makare da kwana goma sha wani abu. Da kaka yayata ta ce geron bai yi kai sosai ba, wake ne ya rufa musu asiri. Ta ce na maƙwabta ma bana ba wani abin kirki. Na yi ta tambayar ta dami nawa maƙwabcin gabas ya samu, nawa na yamma, don in ware abin da ruwa ya ci da abin da ni na ci. Ta ce in bar ta ta huta. Har yau ban gama wannan rabo ba. Ban kuma san ko ya gaya mata abin da ya riƙe shi ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba, wanda in ka duba shi ma wani shirun ne.

Bayan girbi 'yan ci-rani suka fara dawowa. Na ji labarin Yaya ya iso, yana kwana a kasuwa. Mako uku ban gan shi ba. Rannan da yamma ina kan keke sai inuwa ta rufe ƙofa. Ya yi sallama a taƙaice, ya jefo wando a kan teburina, gwiwa ta yage. Ya zauna a benci yana kallon titi. A lokacin Manaja ya daɗe da komawa ƙwallon Turai. Kwalin ma ruwa ya shiga rumfar da damina ya lalata shi, koren rufin kuma ya zama abin goge janareta.

Na nemo ƙyalle mai kalar wandon, na fara faci. Sai da na kusa zagayewa ya yi magana, bai juyo ba.

“Sun ci?”

Na tsayar da keken. Ba mai iya ƙaryata ni yanzu, kwalin ya tafi. Mutumin nan ya yi shuka, ya yi noma, ya yi girbi da tambayar nan a cikinsa. Na ga yadda zai ji in na ce sun ci.

Na ce, “Sun ci biyu. Na ƙarshen aka cinye su.”

“Da yawa?”

“Da uku.”

Ya jinjina kai. Ya ce ai dama ya sani. Mutum ya tashi daga ciwon gwiwa, maimakon a bar shi ya huta sai a mayar da shi gaba, ga siririn nan ba ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, tun wasan taɓo yake faɗa ba wanda ya saurare shi. Ya yi ta faɗa da kocin ƙungiyar, wani mai malafa, kamar jiya aka buga. Na ci gaba da facin. Da ya gama ya karɓi wandon, ya juya facin ciki da waje, ya ja shi da ƙarfi ya ga ko zai buɗe.

“Ƙanin mata,” ya ce, “tabarmata tana nan, ko ita ma ka ɗinka mata rufi?”

Na ce tana nan inda ya bar ta. Ya sa hannu a aljihun wandon, ya ciro guntun ƙyallen da na yanke daga bakin yagewar, ya dube shi, ya mayar.